Aikin hannu ma karatu ne: kira ga iyaye da masu makarantun kuɗi a Kaduna

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya taso a taron iyaye da malamai na wata makarantar kuɗi a nan Kaduna, inda jikata take aji huɗu na firamare. Na halarci taron ne a madadin mahaifinta da aiki ya kai shi wani gari, kuma tun da na dawo gida maganar take ci mini rai, domin abin da aka yi gardama a kansa ya shafi sana'ar da na ƙarar da ƙuruciyata a cikinta.

Makarantar ba babba ba ce, kuma ba zan ambaci sunanta ba don kada a ce talla nake yi mata. Abin da ya bambanta ta da saura shi ne, sau biyu a mako, bayan an dawo daga tara, akan ajiye littattafai a fitar da yara zuwa wata rumfa da ke bayan ajujuwa, inda wasu suke cuɗa yumɓu, wasu suke saƙa a kan ƙananan katakai da aka jera wa ƙusoshi, wasu kuma suke ban ruwa a ɗan lambun alayyafo da tumatir da suka shuka da hannunsu. Shugabar makarantar ta bayyana mana cewa manufarsu ita ce su reni yaro gaba ɗayansa, wato kansa da hannunsa da jikinsa da halinsa, maimakon a cika masa kai da hadda a sallame shi. Tana rufe baki sai wani uba ya miƙe ya ce: "Hajiya, mu fa ba mu biya kuɗin makaranta don a mayar mana da 'ya'ya magina tukwane ba. Da sana'a muke so su koya, ai mun san hanyar Panteka." Panteka kuwa ita ce kasuwar maƙera da masu zubin tukwane ta garin nan. Mutane da dama suka gyaɗa kai, wasu har da tafi.

Ban ga laifin wannan bawan Allah ba. Duk wanda yake biyan kuɗin makarantar kuɗi a wannan zamani ya san abin da yake hana kansa da iyalinsa kafin ya haɗa kuɗin zango ɗaya, kuma idan ya ga yaronsa ya dawo da laka a gaban riga alhali ɗan maƙwabci yana dawowa da littafi cike da jan biro na malami, dole zuciyarsa ta raya masa cewa an cuce shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tunanin da ke ƙarƙashin maganarsa, wato cewa karatu yana cikin aji, aikin hannu kuwa wuri ne da ake tura wanda karatu ya gagara. Wannan tunani ya daɗe yana yi mana ɓarna a Arewa, kuma ina ganin garin Kaduna ya fi ko'ina cancantar ya rabu da shi.

Ni na yi shekara ashirin da 'yan kai a sashen zane na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a zamanin da jiniyar canjin aiki take tayar da rabin garin nan daga barci. Aikinmu shi ne mu zana adon atamfa a takarda, mu rarrabe launukansa, a zuba kowane launi a kan rolar da za ta buga shi. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka cewa iya zanen fure ne kawai ake bukata. Amma rola zagayawa take yi, saboda haka wajibi ne ƙarshen zanen ya haɗu da farkonsa daidai wa daida, kuma tsawon zanen ya raba kewayen rolar ba tare da saura ba. Idan aka sami kuskuren da bai wuce kaurin zare ba, to, za a ga tabo yana maimaita kansa tun daga farkon bandir har ƙarshensa, kuma duk yadin ya tashi a banza. Na sha karɓar matasa masu takardar shaida mai kyau, waɗanda za su karanto maka ƙa'idar auna kewayen da'ira ba tuntuɓe, amma idan ka miƙa musu zare da rola ka ce su nuna maka abin da suka karanto, sai su tsaya suna kallonka. Ba rashin basira ne ya jawo haka ba. Tun suna yara ba a taɓa barin hannunsu ya taɓa abin da bakinsu yake faɗa ba.

Abin da ya ƙara tabbatar mini da wannan shi ne kaskon jikata. Wata rana ta dawo gida tana hawaye, ta nuna mini wani ɗan kasko da ta gina, ya tsage tun daga baki har gindi. Malamar da take koya musu, wata dattijuwa ce da ta gaji ginin tukwane, ba ta ba ta wani ba, ba ta kuma ce mata ba komai ba. Cewa ta yi ta ƙarasa fasa shi ta duba cikinsa. Da ta duba sai ta ga gindin ya kai kaurin yatsu biyu, gefen kuwa siriri ne kamar ganye, ga shi kuma ta shanya shi a tsakiyar rana don ɗokin ya bushe da wuri. Dattijuwar ta nuna mata cewa inda yake siriri ya riga ya bushe ya tsuke, inda yake da kauri kuwa yana riƙe da ruwa, shi ya sa suka ja juna har ya tsage. A karo na biyu aka sa ta ta daka tsingaro ta cuɗa a cikin yumɓun, ta daidaita kaurin da yatsanta, ta ajiye shi a inuwa ta rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Malamin lissafinsu kuma ya sa kowane yaro ya auna bakin kaskonsa da zare a ranar da ya gina shi, ya sake aunawa bayan ya bushe, ya rubuta bambancin a littafi. Sai a karo na uku kaskonta ya fito daga wuta lafiya, kuma yanzu yana kan tagar ɗakina, ina zuba allurai a ciki.

Bayan wannan da 'yan makonni muna wucewa ta bakin kogin Kaduna, sai ta ja hannuna ta nuna mini yadda laka ta tsattsage a inda ruwa ya janye, ta ce: "Kaka, ka ga irin abin da ya sami kaskona, saman ne ya riga ƙasan bushewa." Yarinya ce 'yar shekara tara, kuma ba wanda ya tambaye ta. Ina so uban nan da ya yi magana a taro ya gaya mini a wane shafi na littafin kimiyya za a shigar wa yaro da wannan fahimta har ta bi shi bakin kogi. A cikin kasko ɗaya ta koyi yadda ruwa yake barin abu, ta koyi awo da ɗebewa, ta kuma koyi cewa idan aiki ya lalace akwai dalili, kuma ana iya gano dalilin a gyara. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi mini komai, domin yaron da ya saba da cewa kuskure jan biro ne da bulala ba ya girma da ƙarfin zuciyar gwada wani abu sabo.

Wasu suna ɗaukar irin wannan koyarwa a matsayin wani sabon yayi da aka kwaso daga Turai, alhali mu ne muka fi kowa daɗewa a cikinta. A makarantar allo da muka yi, almajiri da kansa yake fiƙe alƙalaminsa daga gamba, da kansa yake haɗa tawada da gawayi da ƙaro, ya wanke allonsa ya goge shi, kuma idan lokacin sauka ya zo a ƙawata masa allo da zayyana wadda duk wanda ya dube ta da kyau zai ga lissafi ne tsantsa, na raba fili da daidaita kusurwa da maimaita siffa. Da yamma kuma mu koma gida mu ƙera motar kara ko ta gwangwani, mai ƙafafu huɗu da sitiyari mai juyawa, ba tare da wani ya zana mana yadda ake yi ba. Yaran yau sun fi mu kayan wasa nesa ba kusa ba, sai dai kusan duk an gama ƙera su kafin su iso hannunsu, wayar hannu kuma ba ta neman komai daga yaro sai kan yatsa ɗaya. Saboda haka abin da unguwa take koya mana kyauta a da, yanzu idan makaranta ba ta koyar ba, babu mai koyarwa.

A ganina rabuwar alƙalami da hannu ta shigo mana ne tare da yadda muka karɓi boko. Lokacin da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, akwai sashen 'ya'yan sarakuna, da na malamai, da kuma na koyon sana'o'i, kuma da tafiya ta yi tafiya sai jama'a suka lura cewa mai alƙalami shi ne yake zama akawu ya ci albashi ya sa fararen kaya. Daga nan ofis ya zama burin kowane uba. Gwamnati ta yi yunƙurin gyara wannan da tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982, wanda ya tanadi koyar da fasaha a ƙananan sakandare, amma mu da muka ga zamanin mun san yadda injunan da aka sayo daga ƙasashen waje suka yi tsatsa a cikin akwatunansu a makarantu da yawa, saboda babu wutar da za ta tayar da su, babu kuma malamin da ya san kansu. Daga baya an sa darasin al'adu da fasahar ƙirƙira a manhajar ilimin bai-ɗaya, an kuma jera sana'o'i 34 a manhajar manyan sakandare. Duk da haka, a makarantu da dama a kan allo ake koyar da rini, yaro ya haddace matakansa ya rubuta a jarrabawa ya ci, bai taɓa ganin ruwan baba ba, balle ya san yadda yadi yake fitowa kore daga marina sannan iska ta mayar da shi shuɗi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a Kaduna ake wannan. A ƙasar Jaba da ke kudancin jihar nan ne masu haƙar kuza suka fara tono kayan yumɓun Nok a 1928, aikin mutanen da suka rayu fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, kuma wasu daga cikin kayan suna gidan tarihi na ƙasa da ke kan titin Ali Akilu, inda yaranmu da yawa ba su taɓa shiga ba. A Zariya ne Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a a ƙarni na 19, ya ɗaga rufi mai siffar bakan gizo da azara da ƙasa, ginin da masana gine-gine na duniya suke zuwa nazari. A Zariyar ce kuma wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka dage cewa zanen ɗan Nijeriya ya tsiro daga gadon ƙasarsa. Masaƙar farko ta Kakuri ta fara aiki a 1957, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya biyo baya a 1975. Hedikwatar Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa a garin nan take, haka ma Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa. Wanda kuma yake raina maginan tukwane, to, ya ciro naira ashirin daga aljihunsa ya juya bayanta. Matar da ke zaune tana gini a wurin ita ce Ladi Kwali, wadda ta koyi sana'ar a gida, ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Ita kanta Pantekar da aka ambata da sigar raini, ina ba kowane uba shawara ya je ya tsaya na sa'a ɗaya a wurin masu zubin tukwane. Zai ga yadda ake danna damshin yashi a cikin akwati a fitar da siffar tukunya, a bar ƙofar da narkakken alminiyam zai bi, a kuma san daidai lokacin da za a zuba kafin ya fara daskarewa. Zai ga masu ƙera injin markaɗe da murhu da baro da ƙofofi daga ƙarafan da wasu suka zubar. Waɗannan mutane suna aiki da ilimin zafi da nauyi da awo kullum rana ta Allah, kuma kasuwar tasu ba ta da nisa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ita ma ta samo asali ne daga makarantar koyon fasaha da aka buɗe a 1956. Ba ina cewa kowane yaro ya zama maƙeri ba ne. Likitan da zai yi tiyata da hannu zai yi ta, injiniyan da zai gina gada yana bukatar ya san halin ƙasa da ƙarfe tun kafin ya san sunayensu a littafi, kuma yatsun da suka saba da allura da almakashi sun fi saurin kama alƙalami da kyau.

Sai dai ba zan yi adalci ba idan na tsaya a kan iyaye kawai, domin masu makarantun kuɗi ma suna da nasu kason, kuma shi ne ya sa iyaye suke zargi. Makarantu da yawa suna rubuta fasaha da ƙirƙira a allon tallarsu, amma abin da suke nufi bai wuce ranar al'adu sau ɗaya a shekara ba, inda za a tilasta wa iyaye ɗinka sababbin kaya a ɗauki hoto a watsa a Facebook. Wasu kuma sukan ba yaro aikin gida na ƙera wani abu, alhali sun san uwarsa ce za ta kwana tana yi, ko kuma a biya wani a kasuwa ya yi, a kawo a ba da maki. Wannan tsohuwar cuta ce, domin tun a zamanin 'ya'yanmu mun ga yadda aikin hannu ya koma sayo tsintsiya a kai wa malami, daga baya ma ya koma kawo kuɗin tsintsiyar. Yaron da aka ba maki a kan abin da bai yi ba, an koya masa ha'inci ne da sunan fasaha, kuma gara a soke darasin gaba ɗaya da a ci gaba da haka. Akwai kuma masu sayo kayan roba masu tsada daga waje, waɗanda an riga an yanke komai an jera, yaro ya manna kawai, sannan a ɗora kuɗin a kan iyaye. Aikin hannu na gaskiya ana gane shi ne da cewa kayan yara ba sa fitowa iri ɗaya, wani ya karkace, wani ya tsage, kuma yaro yana iya gaya maka dalili.

Akwai iyayen da damuwarsu ta addini ce, musamman game da zana ko sassaƙa abu mai rai, kuma wannan damuwa ce da ya kamata makaranta ta saurara da mutunci, ta bar hukuncinta ga malamai. Amma ko an ajiye wannan gefe, filin da ya rage yana da faɗi ƙwarai: zayyana, da kyautata rubutun hannu na boko da na ajami, da saƙa, da rini, da dukanci, da kafinta, da ginin tukwane, da lambu, da adon bango irin na dagi da muke gani a sorayen Zariya da Kano. Haka nan ina roƙon kada a raba aikin a ce allura ta mata ce guduma ta maza. A ƙasar Hausa maza sun daɗe suna ɗinkin hula da aikin babbar riga, aska biyu da aska takwas, kuma yarinyar da ta iya buga ƙusa da auna katako babu abin da ya ragu a tarbiyyarta.

Game da tsada kuwa, wannan shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi. Yumɓu yana bakin kogi, kara yana gona bayan girbi, ƙyallaye suna zube a shagon kowane tela, guntayen katako kuma kafintoci ƙona su suke yi. Abin da yake da tsada shi ne lokaci da malami. Minti talatin da biyar ba ya isa a jiƙa yumɓu a cuɗa a gina a wanke hannu, saboda haka sai an haɗa darasi biyu a jere, kuma a daina kwashe wannan lokaci duk sa'ad da jarrabawa ta ƙarato. Malaman kuwa suna nan a cikinmu. Tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe a farkon shekarun 2000, saboda matsalar wuta da tsadar man injuna da kwararowar yadin fasa-ƙwauri, akwai ɗaruruwan ƙwararru da suke zaune a Kakuri da Nasarawa da Tudun Wada da iliminsu a ka, suna tsufa ba wanda ya tambaye su. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A ɗauko su, a ɗauko gwanayen Panteka da mata masu ginin tukwane da saƙa, a haɗa kowannensu da malamin aji wanda zai ɗaure aikin da lissafi da kimiyya kamar yadda aka yi da kaskon jikata, a kula da lafiyar yara wajen wuta da kaifi, a kuma biya waɗannan gwanaye albashi na mutunci, a kira su malamai a gaban yara. Tun da kayan ba su da tsada, babu hujjar da za ta sa wannan ya tsaya ga 'ya'yan masu hali, kuma ina kira ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar nan da ta gwada shi a makarantun gwamnati, ko da a 'yan kaɗan ne da farko.

Bayan an tashi daga taron na sami shugabar makarantar na gaya mata aikin da na yi a da, ta kuwa nemi in riƙa zuwa ranar Alhamis ina nuna wa 'yan aji biyar da shida yadda ake tsara zanen atamfa. Na amsa mata. Na riga na yanka dankali da guntayen soso da za mu fara buga ado da su a kan tsofaffin buhunan fulawa, na kuma nemi gwangwanayen madara da za su zama rolarmu, domin kowane yaro ya auna kewayen nasa da zare ya gano tsawon zanen da zai haɗu. Na kuma aika wa uban nan da ya yi magana a taro saƙo ta hannun ɗansa, cewa ina gayyatarsa ya zo ya zauna tare da mu a rumfar ranar Alhamis mai zuwa, ko na rabin sa'a ne.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin masaƙa,
Tudun Wada, Kaduna.